Waliyyiya Yosefina Bakhita, Baiwar da Ta Sami Ubangiji na Gaskiya

Ran 8 ga watan Fabrairu na kowace shekara, Ikilisiya Katolika a duniya duka takan tuna da wata mace baƙar fata, 'yar ƙasar Sudan, wadda ta rasu a wannan rana cikin shekara ta 1947 a wani ƙaramin gari na arewacin Italiya. Sunan da aka san ta da shi shi ne Yosefina Bakhita, amma ba shi ne sunan da iyayenta suka raɗa mata ba. Wancan ya ɓace tun ranar da aka sace ta, gama tsananin firgita ya shafe shi daga zuciyarta, ba ta kuwa sake tuna shi ba har ta koma ga Mahaliccinta. Waɗanda suka sace ta su ne suka laƙaba mata Bakhita, kalmar Larabci mai ma'anar mai sa'a, kamar dai suna yi mata ba'a.

A dā, in katikis ya karanta tarihi irin wannan a majami'a, mutanenmu sukan saurare shi kamar labarin zamanin kakanni, lokacin da mahara ke kewaye ƙauye da asuba su kora mutane kamar tumaki. Yau kuwa babu mai bukatar a fassara masa shi a ƙasar Funtuwa da Malumfashi. A watan Disamba na 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara cikin dare ɗaya. A watan Mayu na 2021 'yan bindiga suka shiga gidan fada na cocin Waliyyi Vincent Ferrer a Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da dattijo Fada Joe Keke, wanda aka sako daga baya. Da shekara ta kewayo, a watan Mayu na 2022, aka ɗauke firistoci biyu tare da wasu mutum biyu a Gidan Maikambo cikin ƙasar Kafur, suka yi wajen wata guda a daji. Waɗannan su ne jaridu suka buga. Manoman da aka tare a gonar masara ko ta auduga a Faskari da Sabuwa da Ɗandume, waɗanda danginsu suka sayar da shanun huɗa da hatsin rumbu domin biyan kuɗin fansa, Allah kaɗai ya san adadinsu. Saboda haka wannan waliyyiya tamu ce, ko da yake ƙafarta ba ta taɓa taka ƙasarmu ba.

An haife ta wajen shekara ta 1869 a wani ƙauye mai suna Olgossa a ƙasar Darfur, yammacin Sudan, cikin kabilar Daju. Darfur ba baƙon suna ba ne a kunnen Bahaushe, gama ta can hanyar alhazai ta ƙasa ta ratsa, daga Kano da Barno zuwa gaɓar Bahar Maliya, shi ya sa har wa yau akwai Hausawa masu yawa a Sudan. Gidansu gidan wadata ne bisa ga ma'aunin ƙauye, ɗan'uwan mahaifinta kuma shi ne sarkin garin. Mutanen ba su ji bishara ba. Amma ta ba da labari daga baya cewa tun tana ƙarama takan dubi rana da wata da taurari, ta tambayi kanta ko wane ne mai waɗannan kyawawan abubuwa, har ta ji marmarin ganinsa domin ta gaishe shi. Baƙin ciki na fari da ya shiga gidan shi ne ranar da mahara suka faɗa wa ƙauyen suka tafi da yayarta. Ba a ƙara jin ɗuriyarta ba.

Wajen shekara ta 1877, tana da shekara bakwai zuwa tara, ta fita bayan gari tare da ƙawarta. Mutum biyu suka tare su, suka ce wa babbar ta yi gaba, suka aiki ƙaramar ta shiga kurmi ta ɗauko musu wani ƙunshi. Yarinya ce mai ladabi, wadda aka koya wa jin maganar manya, sai ta tafi. Da ta yi nisa da hanya suka cafke ta, ɗaya ya zaro wuƙa ya gargaɗe ta kada ta kuskura ta yi ihu. Suka kora ta ba takalmi, ƙaya tana yayyaga mata ƙafa, suka kulle ta a wani ɗaki mai duhu wajen wata guda, sa'an nan suka sayar da ita ga wani fatake mai cinikin bayi. Sau ɗaya ta sami gudu, ita da wata yarinya, suka kwana a daji cikin tsoron namun dawa. Wani mutum da suka gamu da shi ya yi musu alkawarin kai su gida, ya ba su abinci, ya rufe su a garken tumaki, da masu saye suka zo wucewa ya sayar da su. Haka ayari ya kai ta Al-Ubayyid, babban birnin ƙasar Kordofan, tafiyar ɗaruruwan mil daga ƙauyensu.

A can wani attajiri ya saye ta ta yi wa 'ya'yansa mata hidima. Wata rana ta yi wa ɗan maigidan wani ƙaramin laifi, ya yi ta dukanta da bulala da shuri har ta fi wata guda a kwance ba ta iya tashi. Daga nan aka sayar da ita ga wani babban hafsan sojan Turkawa, gama a wannan zamani Sudan tana ƙarƙashin mulkin Masar da Turkawa. Wajen shekara uku ta yi a gidan, ta kuma faɗa daga baya cewa da wuya a sami yini ɗaya da ya wuce ba ta sami sabon rauni ba, tun tsohon bai warke ba ake ƙara wani.

A wannan gida ne aka yi mata abin da ya zauna a jikinta har kabari. Uwargidan ta kira wata mata, ta zo da gari da gishiri da aska. Aka zana layuka da garin a jikin yarinyar, aka bi su da aska ɗaya bayan ɗaya, a ƙirji da ciki da hannun dama, tsaga 114, sa'an nan aka cusa gishiri cikin raunukan domin tabon ya tashi sosai. Aka bar ta kwance bisa tabarma cikin jini, wajen wata guda, babu ko tsumman da za ta share jikinta. A ƙasarmu wanzami yakan yi wa jariri tsaga domin a san asalinsa, har akan ce ko an sace shi wata rana danginsa za su gane shi. Tsagar Bakhita kuwa ba ta nuna gidan kowa ba. Ado ne aka yi wa dukiya, yadda ake yi wa ƙwarya zane.

A ƙarshen shekara ta 1882 rundunar Mahadi ta matsa wa Al-Ubayyid, hafsan ya tattara ya nufi Hartum, ya sayar da bayinsa. A 1883 wani jami'in jakadancin Italiya mai suna Callisto Legnani ya saye ta. A gidansa ne ta fara kwana ba duka ba zagi. Sa'ad da yaƙi ya tilasta masa barin Hartum, ita da kanta ta roƙe shi ya tafi da ita, suka yi doguwar tafiya bisa raƙuma har Sawakin a bakin Bahar Maliya, suka shiga jirgin ruwa, suka sauka Jenowa a 1885. Amma kirkin Legnani yana da iyaka. Matar abokinsa Augusto Michieli ta nuna tana son baiwar, shi kuwa ya ba ta ita kyauta, kamar yadda ake ba da akuya. Bakhita ta zama mai renon 'yarsu Mimmina a wani ƙauye kusa da birnin Benis.

Mai lura da dukiyar gidan, wani mutum mai tsoron Allah da ake kira Illuminato Checchini, shi ne ya fara kula da ranta. Ya ba ta ɗan ƙaramin gicciye na azurfa, ya sumbace shi kafin ya miƙa mata, ya gaya mata cewa wannan shi ne Yesu Kristi Ɗan Allah wanda ya mutu dominmu. Ba ta gane maganar ba, amma ta ɓoye gicciyen don kada a ƙwace, gama ba ta taɓa mallakar kome ba a duniya sai shi. A 1888 uwargidan ta tashi zuwa Sawakin, inda mijinta ya sayi masauki, sai Checchini ya ba da shawara a bar Bakhita da yarinyar a hannun sistoci na ƙungiyar Kanossa a Benis, a gidan da ake koyar da masu shirin baftisma.

A nan ya kamata mu dakata, domin harshenmu yana da abin da zai taimake mu. A Hausar dā, wanda ya mallaki bawa ana ce da shi ubangijinsa, matar kuwa uwargijiyarsa. Bakhita ta wuce ta hannun iyayengiji da dama, ta san abin da kalmar take nufi: mai saye, mai duka, mai sayarwa, ko kuwa, in ta yi sa'a, mai kirki wanda duk da haka zai iya kyautar da ita. Sistocin suka koya mata cewa akwai Ubangiji bisa dukan iyayengiji, shi ne mai rana da wata da taurarin nan da take tambaya tun tana ƙarama, ya san ta, shi ya yi ta, yana kuma ƙaunarta. Suka koya mata abin da ya fi wannan ban mamaki, wato Ɗansa ya zama mutum, ya sauko har matsayin bawa, aka sayar da shi a kan azurfa talatin, kuɗin da Shari'ar Musa ta yanka diyyar bawa a Littafin Fitowa sura 21. Aka tuɓe shi, aka yi masa bulala, aka gicciye shi saboda zunuban duniya, a rana ta uku ya tashi daga matattu, tabon raunukansa kuwa yana jikinsa. Mace mai tsaga 114 ba ta bukaci dogon bayani a kan wannan ba. Har ƙarshen ranta, da kalmar mutanen Benis ta maigida ko ubangijin bawa, wato Paron, take kiran Allah.

Haka kuma kalmar fansa. Yau in an ambace ta a Malumfashi, abin da ke zuwa zuciya shi ne kiran waya da tsakar dare da kuɗin da za a kai daji. Da wannan kalma ɗaya kuwa muke kiran Yesu Mai Fansa. Babu wanda ya taɓa biyan ko anini domin a mai da Bakhita ga uwarta. A Benis ta ji cewa an riga an biya dominta, da jinin Ɗan Allah, tun kafin a haife ta, wanda ya biya kuwa bai yi haka domin ya mai da ita kayan ciniki ba, sai domin ta zama 'yarsa. Wannan ita ce zuciyar bishara, babu kuma wani abin da sistocin suka ƙara mata a kai wanda ya fi shi.

A 1889 uwargidan ta dawo domin ta ɗauki 'yarta da baiwarta su koma Sawakin. Bakhita ta ƙi. Wannan ne karo na fari a ranta da ta ce a'a ga mai iko da ita. Kwana uku ana fama, matar ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kira ta butulu, ta tuna mata da Mimmina wadda ta rena tun tana jaririya, wadda kuma take ƙauna ƙwarai. Abin ya yi mata zafi, amma ta san in ta tafi ba za ta sami mai ci gaba da koya mata ba, baftismar da take jira kuma za ta kuɓuce mata. Magana ta kai ga Kadinal na Benis da kuma babban lauyan gwamnati. Ran 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, saboda haka Bakhita 'ya ce, ita ke da ikon zaɓar inda za ta zauna.

Wannan wuri ne masu wa'azi sukan yi saurin wucewa, domin sun fi son su nuna ta mai haƙuri da tawali'u. Lalle mai haƙuri ce. Amma haƙurin Kirista ba miƙa wuya ga zalunci ba ne. Ranar da ta gane ko ita ta wane ne, ranar ce ta ƙi komawa hannun wanda ba shi da hakkin mallakarta, shugabannin Ikilisiya kuma suka tsaya bayanta a gaban hukuma. Wanda ya ce wa jama'ar da ake kai wa hari su yi shiru kawai su jure, kada su kai kuka ga gwamnati, kada su nemi shari'a, ba daga tarihin Bakhita ya koyo wannan ba.

Ran 9 ga Janairu 1890 Kadinal Domenico Agostini ya yi mata baftisma da suna Yosefina, a ranar kuma ta karɓi sakramentin ƙarfafawa da Jikin Kristi. An sha ganinta daga baya tana sumbatar wurin baftismar, domin a nan ta zama 'yar Allah. Ta so zama sista, amma ta daɗe tana jin nauyin faɗa, tana ganin baƙar mace tsohuwar baiwa ba ta isa ba. A watan Disamba na 1893 aka karɓe ta cikin masu koyo. Wanda ya gwada kiranta shi ne Kadinal Giuseppe Sarto, wanda ya zama Paparoma Piyus na 10. Ran 8 ga Disamba 1896 ta ɗauki wa'adinta a birnin Berona.

A 1902 aka aike ta garin Skiyo, a nan ta yi yawancin sauran shekarunta 45. Babu wani abin mamaki da za a faɗa game da su. Ta yi dahuwa, ta yi ɗinki, ta lura da kayan bagade, ta yi tsaron ƙofa. Da fari yaran garin suna tsoronta, gama ba su taɓa ganin baƙar fata ba, daga baya suka saba har takan ɗora musu hannu a ka in sun shigo makaranta, mutanen gari kuma suka riƙa kiranta baƙar uwarsu. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka mai da sashen gidan sistocin asibitin soja, ta yi jiyyar masu rauni da masu mutuwa. Aiki ne irin wanda ta yi cikin bauta, wanke-wanke da hidima, sai dai yanzu da yardar ranta take yi, ta kuma san wanda take yi wa.

A 1910 shugabarta ta umarce ta ta faɗi tarihinta aka rubuta. A 1931 aka buga littafi a kanta, sunanta ya bazu cikin Italiya duka, aka riƙa yawo da ita gari gari tare da wata sista da ta yi aiki a ƙasar Sin, domin a tada zukatan mutane ga aikin bishara. Sistar ce take jawabi, Bakhita kuwa, wadda harshen mutanen Benis ta fi iyawa, takan faɗi 'yan kalmomi kaɗan. A ganina wannan ma wani gicciye ne. Mace da aka taɓa tsayarwa a kasuwa ana dubawa, ga ta kuma a gaban taro ana kallo, ana so ta maimaita abin da kowa zai so ya manta. Ta yi shi cikin biyayya, takan kuma tuna wa masu sauraro 'yan'uwanta na Afirka.

Wata rana aka tambaye ta abin da za ta yi in ta gamu da waɗanda suka sace ta da waɗanda suka azabtar da ita. Ta amsa cewa za ta durƙusa ta sumbaci hannuwansu, domin ba don abin da ya faru ba, da ba ta zama Kirista ba, balle sista. Wannan magana tana da nauyi, sai a yi hankali da ita. Ba a jefa ta a fuskar matar da mijinta ke daji har yanzu, ko uban da ya binne ɗansa jiya. Bakhita ta faɗe ta bayan shekaru masu yawa na addu'a, ba ta kuwa taɓa cewa bauta abu ne mai kyau ba. Tafarkin Yusufu ɗan Yakubu ta bi, wanda a Littafin Farawa sura 50 ya kira muguntar 'yan'uwansa da sunanta, sa'an nan ya shaida cewa Allah ya juyar da ita zuwa alheri, ya kuma ƙi ramawa. Takan yi wa iyayengijinta na dā addu'a, tana cewa ba su san Allah ba, watakila ba su ma san irin cutar da suke yi ba.

Da tsufa ya zo, ciwon gaɓoɓi da na numfashi suka kama ta, har ta koma kan keken marasa lafiya. In an tambayi lafiyarta, takan nuna cewa yadda Ubangijinta ya so haka take. A kwanakinta na ƙarshe, cikin zafin ciwo, hankalinta ya koma shekarun bauta, ta riƙa roƙon mai jiyyarta ta sassauta mata sarƙoƙin, wai sun yi nauyi. Shekara saba'in ke nan da sace ta, shekara 57 da baftismarta, ta gafarta tuntuni, amma jikinta bai manta ba. Waɗanda suka dawo daga hannun masu garkuwa, da ke firgita da dare in sun ji ƙarar babur, kada wani ya ce musu rashin bangaskiya ne, gama ga waliyyiyar Ikilisiya tana jin sarƙa a gadon mutuwarta. Daga baya hankalinta ya komo, aka gaya mata ranar Asabar ce, ranar Uwargijiyarmu Maryamu, ta yi murna, sunan Maryamu kuma shi ne na ƙarshe a bakinta. Ta cika da daren 8 ga Fabrairu 1947. Kwana uku mutanen Skiyo suna layi domin su yi bankwana da ita, mata suna ɗaukar hannunta suna ɗorawa bisa kawunan 'ya'yansu.

A 1959 aka fara binciken rayuwarta, Ikilisiya ta riƙa kiranta da laƙabin da take ba duk wanda ake binciken tsarkinsa, wato Baiwar Allah, sunan da Bahaushe ke ba kowace mace da bai san sunanta ba. Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya sa ta cikin masu albarka ran 17 ga Mayu 1992. A watan Fabrairu na 1993 ya sauka Hartum, birnin da aka yi cinikinta shekara 110 kafin nan, ya gabatar da ita ga mutanen Sudan a matsayin 'yarsu da ta komo gida. Ran 1 ga Oktoba 2000 ya bayyana ta waliyyiya. A 2007 Paparoma Benedikt na 16 ya kawo tarihinta a farkon wasiƙarsa a kan bege, a 2015 kuma, zamanin Paparoma Faransis, aka fara kiyaye ranar idinta a matsayin ranar addu'a ta duniya domin waɗanda ake fataucinsu. Ita ce majiɓinciyar Sudan. Darfur, ƙasar haihuwarta, ta faɗa cikin yaƙi a 2003, ta sake faɗawa a 2023. Gawarta tana kwance a cocin sistocin Kanossa a Skiyo, inda masu ziyara ke zuwa daga ƙasashe da dama.